Sai Manya Sun Gani

Gwaggona, yayar mahaifina, ba ta taɓa ɓoye wa kowa ba cewa ranar da ta mutu Yaya ce za ta yi mata wanka. Ta faɗa a tsakar gida, ta faɗa a gidan suna, ta faɗa wa malamar da ke zuwa yi wa matan gida karatu. "Ni dai kada hannun wata ya taɓa ni," haka take cewa, tana nuna mu da tsinken sakace ɗaya bayan ɗaya, sai ka ce rububin aikin muke yi.

Yaya ba 'yar cikinta ba ce, ba ma jininmu ba ce. Gwaggo ba ta haihu ba. Ta ɗauko ta ne tana rarrafe daga wani ƙauye bayan dutsen Kufena, bayan uwarta ta rasu. Ta raine ta a ɗakinta, a gidanmu na cikin birnin Zazzau, nan wajen Ƙofar Galadima, har ta aurar da ita ta koma ƙauyen. Mun tashi mun tarar da ita a gida muna ce mata Yaya, ita kuma tana ce wa Gwaggo Inna. In maganar wankan ta taso sai ta ɓata rai ta ce, "Haba Inna, a bar wannan zance mana." Amma na san ta je wajen malama ta koyi yadda ake yi tun daga farko har ƙarshe, don kada ranar ta zo ta yi kuskure.

Zuri'armu babba ce, gidan malamai da ma'aikatan gwamnati, mun watsu daga Zariya har Legas. Muna da ƙungiyar zumunci, ƙungiyar kuma tana da sakatare, wato Baffa, ƙanen mahaifina. Baffa ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ma'aikata a Kaduna yana miƙa fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Ya yi ritaya, amma ritayar ba ta shiga jikinsa ba. Ko masallaci zai je, jan biro na maƙale a aljihunsa. Mutum ne da in ka ce masa gobara ta tashi a madafa, zai tambaye ka ko ka sanar da wanda ya kamata.

Abin da ke damun ƙungiyar shi ne sanarwar rasuwa. A wurinmu gawa ba ta kwana, in an rasu da hantsi, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta. Sai a yi ta buga waya, wannan ya kira wancan, kuma dole a manta da wani, shi kuma ya riƙe abin a ransa har a aurar da jikokinsa. An gwada guruf na waya, ya cika da hotunan barka da Juma'a da maganin basir. Tsofaffin kuwa ƙananan wayoyi ne da su, masu tocila, waɗanda sai tes kawai ke shiga. Da aka rasa yadda za a yi, sai wani ya tuna cewa akwai wata 'ya a gidan da ta karanci kwamfuta, tana zaune a ɗaki tana yi wa wani kamfanin Legas aiki. Sai Baffa ya aiko a kira ni. Mahaifina ya rasu tun ina jami'a, saboda haka shi ne uba, kira kuwa umarni ne.

Na yi aikin da murna, wallahi. Ban sayi kwamfuta an ajiye a zaure tana cin wuta ba, wutar ma ina take? Abin da muke ce wa fankishin a wurin aiki na rubuta. Ɗan guntun umarni ne da kake ajiyewa a na'urorin wani babban kamfani can ƙasar waje. Ba ka hayar na'ura, ba ka kula da ita. Yana nan kwance yana barci har sai an kira shi, ya farka ya yi aikinsa ya koma. Lokacin da ya yi a farke kaɗai ake cajin ka. Kuma yana da wa'adi: in ya daɗe bai gama ba, kamfanin ya yanke shi, duk inda ya kai nan ya tsaya. Namu aikinsa ɗaya ne. Sakatare ya tura tes zuwa wata lamba, fankishin ya farka ya raba wa dangi duka.

Da farko nauyin barci gare shi. Abin da ba a kiransa sai an yi mutuwa, ai dole ya yi nisa a barci, kuma na ɗora masa kayan da ba ya bukata, sai ya gama kwashe su kafin ya fara komai. Na zauna na rage masa kaya har ya zama ana taɓa shi ya zabura. Da yana bin lambobi ɗaya bayan ɗaya, sai na sa ya zuba su a layuka da yawa su tafi lokaci guda. Kafin Baffa ya mayar da wayarsa aljihu, ta Legas ta yi ƙara, ta ƙauye ta yi ƙara. Abin da ake cire wa ƙungiya a wata bai kai na goron taro ɗaya ba. Na ji daɗin kaina ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Sai wani tsohon kawunmu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Sanarwa ta tafi, jama'a suka cika lungu, babu wanda aka manta. Ina jiran a ce sannu, sai ga sammaci. Ashe wani ɗan baffanmu da ke aiki a Jos, ƙarami cikin magidanta, tes ɗin ya shiga wayarsa nan take, shi kuma don ladabi ya kira Malam Babba ya yi masa gaisuwa. Malam Babba shi ne babban gida, wan su Baffa duka. A lokacin yana alwala, bai duba wayarsa ba. Ke nan daga bakin yaro ya ji mutuwar ɗan'uwansa. Tirƙashi! Ka ce ɗan Jos ɗin ne ya kashe kawun.

Aka kira taro a zaure. Ni aka shimfiɗa mini tabarma a bakin ƙofar ciki, inda za su ji muryata ba tare da na zauna cikinsu ba. Baffa ya gyara zaman tabarau ya ce, "Ke, wannan abin naki ba shi da tarbiyya."

Na ce, "Baffa, ai an ce a yi sauri."

"An ce a yi sauri, ba a ce a zubar da girma ba. A ina kika taɓa ganin takarda ta isa teburin masinja kafin ta isa na darakta? Sanarwa daga sama take saukowa. Manya su gani, su ce sun gani, sannan ta gangaro."

Duk zauren aka gyaɗa kai. Mutane masu digiri, masu karantar da manyan littattafai, kowa ya ce Alhaji, wato Baffa, ya yi gaskiya. Nan take aka fara raba dangi hawa-hawa. Kai, da za ka ga wannan aiki! Taro ɗaya bai isa ba sai da aka sake zama. Manyan gida a sama, sai malamai da masu muƙami, sai magidanta, sai mata 'ya'yan gida, sai surukai. An kusa ba hamata iska a kan wani da ya girmi ɗan'uwansa da 'yan watanni amma ɗan'uwan ya riga shi zuwa Makka. Da aka zo kan Yaya sai aka rasa inda za a sa ta. Ba 'yar gida ba ce, ba suruka ba ce. Baffa ya buɗe wani hawa can ƙarshe ya sa masa suna "sauran jama'a", ya jefa ta ciki tare da direban ƙungiya da mai kawo rumfa.

Na ce daga bakin ƙofa, "Baffa, Yaya fa ita Gwaggo ta ce ta yi mata wanka. Ita ya kamata ta fara ji."

Ya ce, "Zai isa gare ta a kan ƙa'ida."

Ƙa'idar kuwa ita ce, kowane hawa yana da babba, kuma sanarwa ba za ta sauka hawa na gaba ba sai wannan babban ya mayar da amsa da kalma biyu: "Na gani." Abin da Baffa ya shekara yana rubutawa a gefen fayil ke nan, ya fassara shi ya kawo mana gida.

To, na koma ɗaki na yi musu, ina yi ina tsaki. Ban bar fankishin ya zauna a farke yana zuba ido ana cajin mu kuɗin zaman banza ba. Ya tura wa manya ya koma barci, amsar "Na gani" ta tashe shi, ya tura wa na ƙasa ya sake kwanciya. Kuɗin ma sai ya ƙara raguwa, har Baffa ya yaba a taro, ya ce yarinyar ta fara hankali. Amma na saka wani abu da ban yi shawara da kowa a kai ba, kuma har gobe ban ga laifinsa ba. In babba ya yi shiru na ɗan lokaci, gwargwadon a sha shayi a ajiye kofi, sanarwa ta wuce shi ta ci gaba.

A wani suna abin ya fito fili, don sun fara amfani da shi har a bukukuwa. Malam Babba bai amsa ba, sanarwa ta gangara abinta. Baffa ya zo har ƙofar ɗakina, abin da bai taɓa yi ba.

"Wa ya ba ta izinin tsallake Malam?"

"Ni ce, Baffa."

"Ki cire."

Na durƙusa yadda aka koya mini, na ce, "Baffa, ka yi haƙuri, wannan kam ba zan cire ba. In suna ne ko ɗaurin aure, a jira Malam har gobe. Amma mutuwa fa? In wayarsa ba caji? In yana barci?"

Ya ce, "Au, fatan da kike yi mana ke nan?"

Daga nan zance ya ƙare. Asusun da sunan ƙungiya aka buɗe shi, katin da ake cire kuɗi na ƙungiya ne. Aka karɓe makullin shiga daga hannuna, aka ce boko ya hau mini kai. Aka kai wa wani mai shago a Tudun Wada, mai gyaran firinta da buga katin biki, wanda ya rubuta injiniya da manyan baƙaƙe a allon shagonsa. Injiniya ya duba aikina bai gane ba, sai ya rushe ya yi nasa. Nasa fankishin ba ya komawa barci. Ya tura wa manya, ya tsaya ƙiƙam yana jiran amsa, mita na gudu. Kuɗin wata ya yi tsalle. Baffa ya ce ai dama aikin ƙwarai ba ya araha. Mutumin da ya yabe ni don na rage kuɗi, shi ne yake yabon wani don ya ƙara, kuma bai ji komai a bakinsa ba.

Na aika masa ta bakin wani yayana cewa abin yana da wa'adi, in jiran ya yi tsawo za a yanke shi, waɗanda ke ƙasa ba za su taɓa samun komai ba. Amsar da ta dawo ita ce injiniya ya ce babu matsala. A taro na gaba ma sai aka ƙara doka: kada wanda ya sake buga wa wani waya ya riga sanarwa, don abin da ya faru da ɗan Jos kada ya maimaitu.

Na shiga ɗakin Gwaggo na kwashe duka na gaya mata. Lokacin ƙafa ta fara hana ta fita. Ta yi dariya har da tari ta ce, "Ƙyale shi. Tun yana yaro haka yake, ko tuwo aka ajiye sai ya tsara wanda zai fara sa hannu, har ya huce." Na bi matan gida ɗaya-ɗaya na ce in wani abu ya faru su kira Yaya kai tsaye, su manta da doka. Kowacce ta ce to.

Ranar da abin ya faru ina Abuja, kamfaninmu ya tara mu taron aiki. Muna zaune ana ta nuna zane a bango, sai wayata ta yi motsi. Saƙo ne daga na'urar kamfanin da ke riƙe da fankishin, don injiniya bai san yadda ake cire adireshina daga masu karɓar gargaɗi ba. Layi biyu ne da Turanci: aiki ya wuce wa'adi, an yanke shi. Na san ko biki ko rasuwa ne ke tashin wannan fankishin. Na buɗe don in ga me yake ɗauke da shi lokacin da aka yanke shi, ina fatan suna ne. Sai na ga innalillahi, na ga sunan Gwaggo, na ga jana'iza bayan sallar la'asar. Haka na ji mutuwar matar da ta goye ni, daga bakin na'ura tana ƙorafin an ɓata mata lokaci. Ni ma a hawan mata nake, sanarwar ba ta ko kusa da ni ba.

Na duba agogo, la'asar ta kawo jiki. Na fita da gudu na kira Yaya. Ta ɗauka da fara'arta, ina jin kaji a bayanta.

"'Yar birni! Yau an tuna da mu?"

Na ce, "Yaya, babu wanda ya kira ki?"

"A'a. Lafiya?"

Na faɗa mata. Ban san yadda na faɗa ba. Sannan ta ce, "An yi mata wanka?"

Na ce ban sani ba. Ta kashe wayar.

Na kira gida. Matar da ta ɗauka tana kuka ta ce, "Ai an tura sanarwa tun bayan azahar, muna ta zuba ido, mun ɗauka tana hanya." Na ce ba na ce ku kira ta ba? Ta ce Alhaji ya leƙo da kansa ya ce kada a dami kowa da waya, an riga an tura. Sun ja lokaci iyakar ƙoƙarinsu, maza suna ta aiko a yi sauri rana na yi. Daga ƙarshe wata maƙwabciya ta shiga ta yi wankan, an ma gama sa likkafani.

Daga baya na ji inda sanarwar ta maƙale. Malam Babba yana ƙailula, wayarsa tana shagon caji a bakin titi don an kwana biyu ba wuta. Da baki aka tashe shi, ai gida ɗaya ne, katanga ce kawai tsakani. Ya tashi, ya yi alwala, shi ne ma ya ja sallar gawa. Babu wanda ya tuna da wayar. Manyan da aka tsara su fara ji duk suna zaune a zaure ɗaya, sun ji da kunnensu tun kafin a taɓa waya. Waɗanda ke nesa, waɗanda don su aka yi abin tun farko, su ne aka ajiye a ƙasa suna jiran wani ya ce ya gani.

Daga ƙauyen su Yaya zuwa gidanmu ba wata tafiya ba ce, in da ta ji da azahar da ta iso ta huta ma kafin a ɗora ruwa. Ta hau acaɓa ko mayafin kirki ba ta tsaya ɗauka ba. Matan gida suka ce tana shigowa lungunmu makara na fitowa. Lungun nan namu mutum biyu ba sa jerawa. Sai ta manne da katanga, aka wuce da Inna ta gabanta, a rufe.

Na iso washegari. Ranar sadakar uku ina tsaye a bakin ƙofar ciki na ji Baffa yana gaya wa baƙi cewa alhamdulillahi wannan karon an yi komai cikin tsari, babu yaron da ya riga manya ji, kuma ba a yi cunkoson da aka saba ba. Cunkoso! Rabin dangi ba su sani ba sai da aka kwana. Wallahi na tsani muryarsa a wannan rana, na tsani jan biron, na tsani duk kawunan da ke gyaɗawa. Na buɗe baki, wata innarmu ta damƙe hannuna ta ce ba yau ba. A gidanmu kullum ba yau ba ne.

Na samu Yaya a ɗakin Gwaggo, zaune a ƙasa ta jingina da gadon. Ba ta yi wa kowa faɗa ba tun da ta zo, ba ta tambayi wanda ya yi laifi ba. Abu ɗaya ta yi, ta sa aka kira maƙwabciyar da ta yi wankan, ta tambaye ta dalla-dalla yadda ta yi, ko ta fara da dama, ko ta dafa ruwan don Inna ba ta son ruwan sanyi. Matar ta ce sauri ake yi, ba a samu dafawa ba. Yaya ta ce, "Allah ya saka da alheri," ta sallame ta.

Na zauna kusa da ita. Can ta ce, "Abin nan naku na waya."

Na ce, "Na'am, Yaya."

"Ki cire lambata. Ba ni da sauran wanda zan jira labarinsa a gidan nan."

Na ce mata makullin ba ya hannuna yanzu, sai dai in roƙi Baffa.

Ta ce, "To bar shi kawai. Ai ba ya isowa."

Ta tashi ta yafa mayafin da aka ara mata, ta fita ta ƙofar baya don kada ta bi ta zaure.